Buhun Salansa a Ƙarƙashin Goron Neman Aure

Liman na sallame sallar asuba muka tashi daga Gidan Rumji. Ko addu'a ban ƙarasa ba, don ƙanina ya riga ya tayar da mota yana ta danna mini oda a ƙofar masallaci, sai ka ce shi ya haife ni. Neman aure ne ya fitar da mu, kuma auren nasa ne. Shi direban tasha ne. Akwai wata malamar lakol, wato makarantar boko, da aka turo aiki wajenmu, yana ɗaukarta zuwa Maradi in an tashi ƙarshen mako, daga gaisuwa aka koma hira, daga hira magana ta girma. Da aka yi hutun damina ta koma gidansu, wani gari a karkarar Gangara, iyayenta kuma suka ce a turo manya.

Ku da kuke karanta ni kun san ba a zuwa neman aure da mai neman. Na faɗa masa, innarmu ma ta faɗa masa. Amma motar tasa ce, shi kuwa ko ni da na goya shi ba ya bari in taɓa masa sitiyari. Aka daidaita a kan zai kai mu, ya zauna a tasha cikin motarsa, ya ja hula ya rufe fuska, kada kowa ya san ya zo. Innarmu ta ba mu goro da dabino da alawa, ta ce in kula da bakina don ta san halina.

Da na buɗe bayan mota zan ajiye goron, sai na tarar da wani buhu ɗaure da igiya, da nauyi. Na ce wannan fa? Ya ce tukunyar salansarsa ce. Ga wanda bai san mota ba, a tsakiyar bututun hayaƙi akwai wata tukunyar ƙarfe, a cikinta akwai wani abu mai kama da saƙar zuma, an ce ana cire ƙarfe mai tsada daga ciki. Shi ya sa ɓarayi suka sa mata ido. Mutum zai ajiye motarsa ya shiga kasuwa, wani ya kwanta ƙarƙashi da zarto, kafin ka gama cinikin akuya an yanke an tafi. An yi wa abokan aikinsa haka, sai shi ya ga gara ya riga ɓarawo. Ya kai wa mai walda ya yanke ta, aka liƙa masa bututu miƙaƙƙe a gurbinta, ita kuma ya ɗaure ta a buhu yana yawo da ita duk inda za shi, wai ƙofar ɗakinsa ba ta da ƙwari. Na ce kai dai ka cika dabara. Na ɗora goron a kan buhun na rufe.

Mun ratse ta wajen Sae Sabuwa don ɗaukar baffanmu, wanda shi zai yi magana a madadin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, rairayin hanya ya kwanta, mota na tafiya lafiya sai dai inda amalanke ya tare gaba, jaki na tafiyarsa ta ƙasaita ba ruwansa da oda. Gero ya fitar da kai ko'ina, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashinsa. Mata sun fito da kwanoni za su rijiya, wasu Fulani na kora shanu ta burtali suna kaffa-kaffa kada ko ɗaya ta leƙa gonar mutane. Mun sami baffa ya shirya tun ba a kira salla ba, babbar riga ta sha bugu, turare kuwa har sai da na sauke gilashi. Ya ce gaba zai zauna. Na koma baya, ni da na fi shi tsawon ƙafa.

Ba mu yi nisa ba baffa ya ce, “Wai motar nan taka mura take yi? Ina jin muryarta ta buɗe.” Ƙanina ya yi masa bayanin tukunya. Baffa ya ce shi dai a zamaninsu abin da ake sata jaki ne, shi ma sai an sha wahala.

Ba mu shiga cikin Maradi ba, muka tsaya a mararraba muka sha esansi, wato man fetur, wurin masu kwalba. Mai sayarwa ya rantse bai haɗa da komai ba tun kafin a tambaye shi, abin da ya sa hankalina bai kwanta ba ke nan. Daga nan muka miƙe gabas bisa gudro, titin kwalta ke nan. Jandarma suka duba takardu suka ce a sauka lafiya. A Cadawa muka karya kumallo. Jama'a, in hanya ta bi da ku ta nan da hantsi, ku nemi awara mai zafi da yaji. Na ci ta dala arba'in, na ƙara ta dala ashirin, baffa na yi mini faɗa wai zan je gidan surukai da warin mai. Shi kunu ya sha da ƙosai yana tattare hannun riga. Ƙanina ko ruwa bai iya sha ba. Sai goge gilashin mota yake yi, gilashin da ba abin da ya same shi.

Tsakanin Cadawa da Agiye abin da ya fi ɗaukar mini hankali itatuwa ne. Ina yaro na bi hanyar nan da mahaifinmu, gonaki fetal, sai ka hango mutum tun daga nesa. Yanzu gawo da kalgo da sabara sun cika gonaki, manoma ke barin tsiron da ya fito da kansa su gyara shi ya girma. Gonakin aya ma na nan kore shar. A tashar Agiye muka tsaya baffa ya kama ruwa, ni kuma na sayi aya soyayya ina taunawa. Mai shayin tashar ya ji inda za mu, ya ce yau ce ma kasuwar garin, sai dai mu shirya wa igiya. Na ɗauka irin igiyar nan ce ta karɓar kuɗin shiga kasuwa, na ce ba komai, muna da canji. Da na ƙara tambaya ɗaya tak, da labarin nan bai kai haka ba.

A Gazawa muka bar gudro muka yi kudu. Nan jiki ya gaya mana. Jar ƙasa ce, ruwa ya cinye gefenta, ga kududdufai da ba ka san zurfinsu ba sai ka shiga. Hanyar cike take da masu zuwa kasuwa. Na ga babur ɗauke da mutum biyu da akuya uku, akuyar tsakiya ta ɗora haɓa a kafaɗar mai tuƙi tana kallon hanya. Na ga amalanke ɗauke da tsofaffi mata da tukwane, da wani raƙumi guda ɗaya tilo da kayan kanwa. Rana ta ɗaga sosai muka hango rumfunan kasuwar.

A bakin tashar garin ga igiya an gitta. Mutum biyu ne a wurin, dattawa, ba irin zauna-gari-banzan da na zata ba. Suka yi mana sannu da zuwa. Ɗayan ya shimfiɗa 'yar tabarma ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin mota, ya taso ya ce, “Ba tukunya.” Ƙanina ya ce e, ya sani. Ɗayan ya ce a buɗe baya. Na buɗe da hannuna, na ɗaga goron da hannuna. Ya kwance buhun. Tukunya ta fito, bakinta biyu da sawun zarto.

Wurin ya yi tsit. Ban taɓa jin tasha ta yi shiru ranar kasuwa ba sai ran nan. Mutumin ya ce, “Malam, ku biyo mu wurin sarkin tasha.” Ba tsawa, ba zagi. Wallahi da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi, don da na san abin da zan rama.

Sarkin tasha wani kakkauran mutum ne mai furfura, yana zaune gindin dogonyaro. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, sannan ya ce kafin mu yi magana bari ya faɗa mana dokar garin, don kada mu ce an zalunce mu. Ya ce an yi lokacin da satar salansa ta kusa kashe musu kasuwa. Duk ranar kasuwa sai an yanke wa wani. Direbobin Maradi da na Tasawa suka daina zuwa. Da motoci suka daina zuwa, masu sayen dabbobi da hatsi suka daina zuwa, mutum ya kawo akuyarsa ya koma da ita, ko ya ba da ita a wulaƙance. Sai mai gari da direbobi da masu walda da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka zauna suka yanke shawara.

Yawancin mutanen garin kakanninsu daga arewa suka zo da raƙuma kafin su zauna su kama noma, kuma har yau kowane gida ya san tambarin da ake yi wa raƙumansu da ƙarfe mai zafi, ko da ba raƙumi ko ɗaya a gidan. Sai suka ɗauko wannan. Kowace motar garin, mai walda ya zana mata tambarin gidan mai ita a jikin tukunya. Ba mai sayen tukunya in ba a jikin motarta take ba, kuma garuruwan maƙwabta sun yarda da haka. Duk wanda aka samu da yankakkiyar tukunya a hannu, ɗan gari ne ko baƙo, zai zauna gindin itacen nan har wani magidanci na garin ya zo ya ce ya san shi, ya tsaya masa. In daga baya ta tabbata sata ce, wanda ya tsaya shi zai biya mai kaya, kuma ba a ƙara karɓar shaidarsa a garin. In kuwa aka kira la'asar ba wanda ya tsaya, sanƙira zai zaga kasuwa ya faɗi sunan mutum da garinsu da kamannin motarsa, sannan a kira jandarma.

Na ce ranka ya daɗe, ai abin a fili yake, ga gurbin tukunyar nan a motarsa. Ya ce an gwada? Aka gwada. Mai waldar Gidan Rumji, Allah ya shirye shi, ya datse bakin bututun ya daidaita kafin ya liƙa sabo, don haka yankan bai hau ba. Sarkin tasha ya ce ko da ya kusa hawa ma, ɓarawon ƙarshe da suka kama direba ne da aka yanke wa tasa, shi ma ya je ya yanke ta wani. Na ce to a kira mai waldar a salula. Ya ce, “Murya ba ta tsaya wa mutum, Alhaji. Kowa na da aboki a waya.” Ni ba alhaji ba ne, amma ban gyara masa ba.

Baffa ya tashi ya fara faɗa, ya ambaci kakanmu da kakan kakanmu, ya ce a je Gobir duka a tambaya ko an taɓa samun ɓarawo a gidanmu. Sarkin tasha ya saurare shi har ya gama, ya ce, “Baba, ban ƙaryata ka ba. Amma kai ma baƙo ne. Wa kuka sani a garin nan?”

Nan muka kalli juna. Mutum ɗaya muka sani, shi ma da suna kawai. Uban yarinyar.

Na ja ƙanina gefe na ce a aika masa. Ya ce a'a. Na ce kai mahaukaci ne? Ya ce, “Yaya, mutumin nan bai taɓa ganina ba. Ranar da zai fara ganina, a tabarmar ɓarayi? Gara a kai ni jandarma.” Na ce in sanƙira ya zaga da sunanka fa, kana tsammani ba zai ji ba? Idonsa ya kawo ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zage shi tas, na ce dabararka ta banza ce ta ja mana. Daga baya kuma tausayinsa ya kama ni. Ko ta ina aka bi, abin da yake tsoro shi ne zai faru. In an aika, kunya. In ba a aika ba, kunyar ta fi girma, auren kuma ya tafi.

Haka muka zauna. Masu shiga kasuwa na rage tafiya su kalle mu. Wata tsohuwa ta tsaya ta ce, “Ash, ga su da kyan tufafi.” Baffa ya ja rawani ya rufe baki. Amma gaskiya ɗaya zan faɗa, ba wanda ya taɓa mu, ba wanda ya jefe mu da baƙar magana. Aka kira azahar muka yi salla sahu ɗaya da waɗanda suka tsare mu. Aka kawo mana fura da nono mai sanyi, na ce ba na sha, sannan na sha. Sarkin tasha ya ce mini ciyar da wanda aka tsare yana cikin dokar. Ya ce kafin su kafa ta, an taɓa kama wani da tukunya a kasuwar nan, jama'a suka rufe shi da duka har aka karya masa hannu, daga baya ta tabbata tasa ce. Ya ce, “Ba don ɓarawo kaɗai muka gitta igiyar nan ba. Har don kanmu.” Wannan magana ta zauna mini.

Ba mu aika ba, amma gari ƙarami ne. Bayan azahar sai ga wani dogon dattijo siriri da farin rawani ya nufo itacen, mutane na ba shi hanya. Sarkin tasha ya miƙe. Ban buƙaci a gaya mini ko wane ne ba, don na ga ƙanina ya zame daga tabarma ya durƙusa a ƙasa. Ashe tun hantsi dattijon ke zaune a zaure da 'yan'uwansa suna jiranmu, an yanka zabi, tuwo har ya huce. Kuma ashe yana cikin waɗanda suka kafa dokar.

Ya gaisa da baffa a mutunce, ya gaisa da ni, ya dubi tukunyar, sannan ya dubi ƙanina ya daɗe. Ya ce, “Kai ne direban?” Ƙanina ya ce, “Ni ne, Baba.” Ya ce, “Me ya hana ka aiko?” Ƙanina ya ce, “Kunya, Baba.”

Sarkin tasha ya ce, “Malam, ka san shi?”

Dattijon ya ce, “Ban san shi ba. Yau na fara ganinsa.”

Baffa ya ce inna lillahi a hankali. Na ji haushin dattijon a lokacin, ba zan ɓoye ba, na ce a raina kalma ɗaya ce fa, me zai rage ka? Amma ya ci gaba. Ya ce shi ba zai ce ya san wanda bai sani ba, don in ya yi haka yau, gobe kowa zai yi, igiyar ta zama ta banza. Ya ce, “Sai dai mutanen nan abin da suka zo nema a gidana ya fi ƙarfe. In ba zan iya tsaya masa a kan ƙarfe ba, ba zan ba shi ɗiyata ba. Akwai wadda ta san shi. Ku jira ni.” Ya juya ya tafi da ƙafa.

Jiran nan shi ne mafi tsawo a tafiyar. Inuwa ta fara karkata, na ga sanƙira ya zo ya zauna can gefe yana cin goro, yana jiran aikinsa. Ni dai ina ta tunanin yarinyar nan, wadda sau biyu kacal na taɓa ganinta. Ubanta zai shiga ya tambaye ta a gaban iyayenta mata, a kan saurayi, abin da 'ya mace ke sunkuyar da kai ta yi shiru in an ambata. Kuma abin da za ta faɗa, sunan ubanta ne za ta ɗora a kai. In ta yi shiru ba wanda zai ga laifinta.

Ladan bai kai ga kiran la'asar ba dattijon ya dawo. Bai zauna ba. Ya ɗaga murya yadda na bakin igiya ma za su ji, ya ce, “Na tambayi ɗiyata. Ta ce ta san shi. Ta ce ba ɓarawo ba ne, sai dai ba ya jin magana, don ta sha gaya masa ya bar buhun nan a gida. Ni ban san shi ba, amma na san ɗiyata, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Na tsaya masa.”

Wurin ya ɓarke da dariya, har sarkin tasha. Baffa ya rungume dattijon, babbar riga da turare da komai. Ƙanina bai yi dariya ba. Yana nan durƙushe, ya kifa kai, kafaɗunsa na motsi. Na tsaya a gabansa na kare shi da rigata don kada mutane su gani.

Saura sharaɗi guda. Tukunya ba ta fita garin a buhu. Aka tura motar wurin mai walda, ya cire miƙaƙƙen bututun ya mayar da ita gurbinta. Da ya zo zana tambari ya tambayi na gidanmu. Mu kuwa kakanninmu fatake ne, ba mu taɓa mallakar raƙumi ba. Dattijon ya ce a sa nasa, tunda shi ya tsaya. Wasu layuka ne biyu da ɗigo a tsakani. Da aka tayar da motar muryarta ta koma siririya, baffa ya ce to, murar ta warke.

Zaman zaure bai ɗauki lokaci ba. Baffa ya kwana yana shirya jawabi, ya fara ke nan wan dattijon ya ce, “Malam, ai kasuwa duka ta ji amsar, ku kawo goron kawai.” Aka yi addu'a, aka raba goro. Aka ɗumamo tuwon gero da miyar zabi, na ci har na ji kunya, sannan na ƙara. Ƙanina a tasha ya zauna kamar yadda aka shirya tun farko, aka aika masa da nasa kwanon. A garin muka kwana, don baffa ya ce ba zai bi kududdufan nan da duhu ba.

Da safe kafin mu tashi na koma wurin sarkin tasha, don akwai abin da ya tsaya mini. Na ce, to baƙon da bai san kowa ba fa, kuma mai gaskiya ne? Ya ce irin wannan sai jandarma su bincika, in ya fita, sanƙira ya sake zagawa ya wanke shi. Na ce wanda ya ji na farko ba lalle ya ji na biyu ba. Ya ce, “Haka ne. Ba mu samo maganin wannan ba tukuna.” Na ji daɗi da bai yi mini musu ba. Dokar ta dawo musu da kasuwa, na gani da idona, motoci jere a tasha ba mai gadin ko ɗaya. Amma tana da nauyi a kan wanda ba shi da kowa, kuma ran nan saura kaɗan mu ne.

Komowa ba wani labari. Mun sayi aya a Agiye don tsaraba, mun tsaya Cadawa na sake gaisawa da mai awara, mun sauke baffa a Sae Sabuwa, inda tun kafin ya fita daga mota ya fara ba maƙwabta labari, a nasa labarin kuma shi ne ya tsorata sarkin tasha. Daga nan na dawo kujerar gaba. Da muka hango Gidan Rumji ƙanina ya ce, “Yaya, da ta yi shiru fa?” Na ce ba ta yi ba, kalli hanya.

Abin da na ɗauko daga tafiyar nan, ban da ciwon baya, shi ne mu a nan kowa ta kansa yake yi. Kowa ya yanke tukunyarsa ya ɓoye, ya ƙara kwaɗo a ƙofa, ɓarawo kuma na nan yana yawo. Su can sun haɗa kai sun hana shi kasuwa, sun kuma mayar da kalmar “na san shi” abu mai tsada, wanda ba a faɗa don kara. Tun da na dawo nake lissafa mutanen da nake gaisawa da su kullum, ina tambayar kaina wa zan iya tsaya wa da sunana, wa kuma zai tsaya mini. Ba su kai yawan da na zata ba.

Mun iso gida da azahar. Innarmu na zaune a tsakar gida tana tsince wake, ko sannu da zuwa ba ta bari mun amsa ba ta ce, “Sun ba mu?” Na ce sun ba mu, na zauna na kwashe mata labarin duka, ban rage ko zagin da na yi ba. Ta saurara har ƙarshe ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Sannan ta ajiye faifan, ta kira ƙanina da sunan da take kiransa tun yana goye, ya zo ya durƙusa. Ta ce, “Yarinyar nan ta ɗora sunan ubanta a kanka tun ba ka ba ta ko zobe ba. Duk ranar da ta zo mini da kuka, kada ka nemi wanda zai tsaya maka a gidan nan. Ni wajenta zan tsaya.”